Waiwaye: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Fulogin, Edita ko Manhajar Girkawa?

Duk wanda ya taɓa koyar da rubuta manhaja a ɗakin kwamfuta a Sakkwato ya san abin da ke faruwa. A girka Linux, a girka editan rubutu, sai a ce kowane ɗalibi ya sauko da fulogin ɗinsa, ƙananan manhajojin nan da ke sa wa rubutu launi ko su nuna kuskure. Kafin a kai ko'ina data ta ƙare ko an ɗauke wuta, kuma da wuya ka sami kwamfuta biyu da suka tashi iri ɗaya. Gardamar ko edita ya zo ƙunshe da fulogin ɗinsa daga rumbun manhajar girkawa, wato manhajar da ke girka sauran manhajoji a Linux, ko kowa ya haɗa nasa, ta girmi yawancin ɗaliban nan.

Tun farko hanya biyu aka ɗauka. Bill Joy ya rubuta vi a Berkeley a 1976, ɗan ƙarami ba kwalliya, kuma shi Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya kwaikwaya ya gina Vim da ya fito a 1991. Emacs na GNU kuwa, wanda Richard Stallman ya saki a 1985, komai aka cusa masa: karanta imel, kalanda, har wasanni. Daga baya XEmacs, wani reshe na Emacs, ya rarraba kayan zuwa ƙunshi-ƙunshi, sai kuma ya dawo yana ba da su a dunƙule cikin wani ƙaton fayil da ake kira sumo, domin mutane sun gaji da zaɓe.

Masu Vim na da can sun sha wuya. Ka sauko da fulogin, ka warware shi cikin jakar saitunan Vim, ~/.vim, fayil ɗaya ya faɗa jakar plugin, wani syntax, wani doc, duk su gauraye da na wasu. Ranar da ka so cire shi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tunanin wanne ne na wa. Debian, wani nau'in Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, ta yi ƙoƙarin kawo tsari da ƙunshin vim-scripts da vim-addon-manager, yadda APT, manhajar girkawarta, zai girka kuma ya san inda ya ajiye komai. Sai dai Debian kusan duk bayan shekara biyu take fitar da tsayayyen bugu, alhali mai fulogin yana iya gyara kuskure yau da safe. Masu gaggawa ba su iya jira ba.

A 2008 aka buɗe GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, a shekarar kuma Tim Pope ya fito wa Vim da Pathogen, wanda ya ba kowane fulogin jakarsa. Vundle ya biyo baya a 2010, vim-plug a 2013. Emacs 24 ya zo da package.el a 2012, Vim 8.0 ya zo da nasa tsarin a 2016. Editoci suka ƙwace aikin ke nan.

Sauƙin ya zo da tsada, ko da yake waɗanda suka tsara shi ba su ji ta ba, don intanet ɗinsu ba ya yankewa. Ga shi kuma kod ɗin daga hannun marubucinsa yake shigowa kwamfutarka kai tsaye, ba wanda ya duba a tsakani. Abin dariya, da lazy.nvim, mai girka fulogin na Neovim (wani reshe na Vim), ya fito a 2022, cikin abin da aka yaba masa har da fayil ɗin lazy-lock.json, mai ɗaure kowane fulogin a bugu guda. Abin da aka guje wa Debian saboda shi ke nan.

Nix, wani tsarin girka manhaja wanda Eelco Dolstra ya fara a Jami'ar Utrecht a 2003, ya ɓullo ta wata ƙofa. A fayil ɗaya za ka lissafa edita da fulogin ɗin da kake so, ya haɗa maka su su zama ƙunshi guda a ma'ajinsa, /nix/store, kamar babur da bakanike ya fitar daga kwali ya ɗaure ya miƙa maka makulli. Amma ma'ajin nan ba a rubutu a cikinsa, don haka fulogin da ya saba sauko da kaya da kansa yana cin tuntuɓe. Manhajojin da mason.nvim, wani fulogin na Neovim, ke saukowa da su sau da yawa ba sa tashi a NixOS, nau'in Linux da aka gina a kan Nix, domin ba sa samun abin da suke nema a inda suka saba.

VS Code, editan Microsoft tun 2015, ya ƙaro batun doka: sharuɗɗan kasuwar fulogin ɗinsa sun keɓe ta ga kayan Microsoft, shi ya sa VSCodium, wani bugun VS Code da ba Microsoft ke fitarwa ba, ya koma Open VSX, kasuwar fulogin ta Gidauniyar Eclipse.

A ganina, mai aiki shi kaɗai da wadatar data ya bi lazy.nvim abinsa. Malamin da ke da kwamfuta talatin a gabansa kuwa, gara ya haɗa ƙunshi da Nix sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, ya kwashe shi a filash da umarnin nix copy, ya bi su yana zubawa. Sai dai ya tanadi babban filash, don Nix na cin wuri, kuma yaren da ake rubuta fayilolinsa da shi ba a koyonsa a mako guda.