Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta Indiya da Ta Tsallake Musulmi

A watan Disambar 2019 majalisar dokokin Indiya ta yi wa dokar zama ɗan ƙasa ta 1955 kwaskwarima, gyaran da aka fi sani da CAA. Ga abin da ya ƙunsa: wanda ya shiga Indiya daga Pakistan, Bangladesh ko Afganistan kafin ƙarewar 2014, in dai Hindu ne, ko Sikh, Buddha, Jain, Parsi ko Kirista, ya fita daga sahun baƙin haure. Da can sai mutum ya zauna shekara 11 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, yanzu shekara 5 ta wadatar da shi. Babu Musulmi a jerin.

Gwamnatin Narendra Modi ta ce tausayin tsirarun da ake gallaza wa a maƙwabta ne ya sa. To amma Hazara 'yan Shi'a na Afganistan da 'yan Ahmadiyya na Pakistan su ma suna shan azaba, haka Musulmin Rohingya na Myanmar, kuma ba a waiwaye su ba. Wannan ne karo na farko da addini ya zama ma'aunin zama ɗan Indiya, alhali sashe na 14 na kundin tsarin mulkinta ya ce kowa daidai yake a gaban doka.

Asalin abin yana cikin aƙidar Hindutva, mai ɗaukar Indiya a matsayin mahaifar Hindu, wadda ƙungiyar masu kishin Hindu ta RSS ke yaɗawa tun 1925. A kanta jam'iyyar Modi, BJP, ta hau: daga kujera 2 ta majalisa a zaɓen 1984, ta bi ta rikicin masallacin Babri da aka rushe a 1992, har ta kai kujera 303 a 2019. Da rinjayen ya samu, sai ta mayar da alƙawarin kamfe doka.

Gaskiya ne dokar ba ta ƙwace wa Musulmin Indiya takardarsa ba. Fargabar tana wajen rajistar 'yan ƙasa. A jihar Assam an yi ta, aka bar mutum kusan miliyan 1.9 a wajen rajistar. Hindu da ya rasa takardu yana iya fakewa da CAA, Musulmi kuwa ba shi da wannan mafaka. Shi ya sa matan unguwar Shaheen Bagh a Delhi suka shafe watanni suna zaman dirshan a kan titi.

Sai a watan Maris na 2024, ana dab da babban zaɓe, gwamnati ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da dokar.