Bayanan na'urar CPAP da yadda ake karanta su

CPAP na'ura ce da ke hura iska a hancin mai barci, ko a hanci da baki tare, ta cikin tiyo da takunkumin da ake ɗaurawa a fuska, domin ta hana maƙogwaronsa rufewa. Da ita ake jinyar cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda yawancin masu ita ba sa sanin suna da ita sai matar gida ko abokin ɗaki ya gaji ya yi magana: mutum ya yi ta minshari, can sai shiru, sannan ya zabura da wani irin gurnani kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Abin da ke faruwa shi ne harshe da ganɗa da sauran tausasan naman maƙogwaro suna saki idan barci ya yi nauyi, su toshe hanyar iska. Na'urorin yanzu, ban da hura iskar, suna rubuta abin da ya faru a kowane numfashi na dare, kuma da wannan rubutu likita ke gane ko magani na ci ko ba ya ci.

Asalinta

Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada wannan dabara a asibitin Royal Prince Alfred da ke birnin Sidni a 1980, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 1981. Kafin nan, mai tsananin cutar sau da yawa sai an huda masa maƙogwaro ta wuya kafin ya samu numfashi da dare. Cutar kuwa ba ƙarama ba ce: wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga ciki tasu matsakaiciya ce ko mai tsanani. Tana da alaƙa da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da hatsarin mota da gyangyaɗi ke jawowa.

Inda bayanan suke

Hawa uku ne. Akwai taƙaitaccen rahoton da ke fitowa a fuskar na'urar da safe. Akwai manhajar waya ta kamfani, kamar myAir ta ResMed, wadda ke ba da maki a kan kowane dare. Sai kuma cikakken bayanin da ke cikin katin memori na SD, wanda ake buɗewa a kwamfuta. Masu jinya da yawa na amfani da manhajar kyauta mai suna OSCAR, wadda ta samo asali daga wata tsohuwa da ake kira SleepyHead. Makin waya na ƙarfafa gwiwa, amma mafi yawansa daga awannin amfani yake fitowa, don haka mutum na iya samun maki mai kyau alhali darensa bai yi kyau ba. Zanen numfashin da ke cikin kati shi ne ba ya ɓoye komai.

Awannin amfani

Wannan ne abu na farko da ake dubawa, domin na'urar da ke ajiye kan teburi ba ta yi wa kowa magani. A Amurka, tsarin inshorar Medicare na ɗaukar mutum a matsayin mai bin ƙa'ida idan ya yi amfani da ita aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare 30 a jere, cikin kwana 90 na farko. Wannan ma'auni na biyan kuɗi ne, ba na lafiya ba. Wanda ya cire takunkumi ƙarfe biyu na dare ya ci gaba da barci, ya bar kansa ba kariya a daidai lokacin da barcin mafarki ya fi yawa, wato gab da asuba, kuma a cikinsa ne jijiyoyin maƙogwaro suka fi saki. Wani babban gwaji mai suna SAVE da aka buga a 2016 bai ga raguwar ciwon zuciya da shanyewar jiki ba ga masu CPAP, sai dai matsakaicin amfaninsu awa 3.3 ne kacal a dare, kuma har yau masana na muhawara ko ƙarancin awannin ne ya jawo hakan.

Lambar AHI da abin da take ɓoyewa

AHI ita ce adadin lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu a cikin awa guda. Tsayawa na nufin iska ta kusan yankewa ɗungurum na daƙiƙa 10 ko fiye. Raguwa na nufin ta sauka da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na tsawon wannan lokaci, tare da faɗuwar iskar oksijin a jini ko ɗan farkawa. Ƙasa da 5 a awa lafiya lau ne. 5 zuwa 15 cutar mai sauƙi ce. 15 zuwa 30 matsakaiciya. Daga 30 zuwa sama mai tsanani. Burin jinya shi ne a sauko da ita ƙasa da 5.

Sai dai AHI ɗin na'ura da na ɗakin gwajin barci ba ɗaya suke ba. A ɗakin gwaji ana manna wayoyi a kai, ana ganin lokacin da ƙwaƙwalwa ta yi barci, ana auna oksijin a yatsa. Ita CPAP iskar da ke kai da komo a tiyo kaɗai take ji. Ba ta san ko mutum barci yake ko idonsa biyu ba. Wanda ya kwanta yana juye-juye, yana haɗiye yawu, yana riƙe numfashi in zai gyara kwanciya, duk za ta iya lissafa masa su a matsayin tsayawar numfashi. A ɗaya ɓangaren kuma, da awannin da take kunne take rabawa, ba da awannin barci ba, sai lambar ta fito ƙasa da yadda take.

Akwai kuma batun tsakaitawa. A ce numfashi ya tsaya sau 21 cikin awa 7. AHI ta zama 3, fuskar na'ura ta nuna komai daidai. Amma idan aka buɗe zanen aka tarar 18 daga ciki sun taru ne a awa ɗaya kafin kiran sallar asuba, to labari ya sha bamban. Irin wannan cunkoso yakan nuna mutum ya koma rigingine, ko ya shiga barcin mafarki, ko haɓarsa ta lanƙwashe kan ƙirji saboda matashi mai tudu. Ƙara matsin iska ba ya cika gyara na ƙarshen. Sauya matashi ko kwanciya a gefe kan yi.

Toshewa ko rashin umarni

Na'urar na raba tsayawar numfashi gida biyu. Akwai ta toshewa, inda ƙirji ke ƙoƙarin jan iska amma hanya a rufe. Akwai kuma wadda hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ba ta aika umarnin numfashi ba. Don ta bambance, idan numfashi ya tsaya sai ta aika 'yar girgizar iska mai rauni ta ji ko za ta wuce. Bambancin na da muhimmanci ƙwarai, domin maganinsu kishiyar juna ne: ta toshewa na buƙatar ƙarin matsi, ta ƙwaƙwalwa kuwa ƙarin matsi na iya tsananta ta. Wasu sababbin masu amfani na ganin irin ta biyun ta bayyana a makonnin farko, kuma ga mafi yawansu tana gushewa da kanta cikin 'yan watanni. Idan zanen ya nuna numfashi na hawa yana sauka kamar igiyar ruwa, da tsayawa a tsakani, ana kiransa numfashin Cheyne-Stokes, kuma yakan zo da raunin zuciya. Wannan ba abin gyarawa a gida ba ne. Akwai na'ura ta musamman, ASV, da ake ba masu irin wannan, amma gwajin SERVE-HF na 2015 ya nuna ta ƙara yawan mutuwa a tsakanin masu raunin bugun zuciya mai tsanani, don haka sai an duba zuciya kafin a ba da ita.

Yoyo

Kowane takunkumi na da 'yan ƙananan huji da aka yi da gangan domin iskar da aka fitar ta fice. Wannan ba yoyo ba ne. Yoyo shi ne iskar da ke zurarewa ta gefen takunkumi ko ta baki. Na'urorin ResMed na cire na gangan su nuna ragowar, kuma lita 24 a minti ita ce iyakarsu. Wasu kamfanonin jimilla suke nunawa, saboda haka ba a kwatanta lambar wannan da ta wancan. Idan yoyo ya yi yawa, na'urar ba ta iya riƙe matsi, ba ta kuma iya ƙirga tsayawar numfashi daidai, wato AHI ɗin wannan dare ba abin dogaro ba ce. Siffar zanen kan faɗi tushen matsalar. Tsini-tsini masu hawa da sauka nan da nan, takunkumi ne ke gocewa in an juya. Tudu mai faɗi da ya daɗe, galibi baki ne ya buɗe, kuma mai shi kan tashi da maƙogwaro a bushe ƙamas. Mutane da yawa sai su ɗaure igiyar takunkumi tamau, alhali ɗaurin da ya wuce kima na murƙushe robar, ya ƙara yoyon, ya bar shaida a karan hanci.

Matsin iska

Da santimita na ruwa ake auna shi, daga 4 zuwa 20. Wata na'urar matsi ɗaya take riƙewa duk dare, wata kuma tana hawa da sauka da kanta tsakanin iyakoki biyu. Mai sarrafa kanta na nuna matsakaicin matsi, da kuma matsin da ba ta wuce ba a kashi 95 cikin ɗari na dare, ko 90 a wasu samfura. Sau da yawa ana miƙa wa mutum na'ura a buɗe daga 4 zuwa 20 yadda ta fito daga kamfani. Babban mutum kan ji 4 ta yi masa kaɗan har ya ji kamar ana shaƙe shi, sannan na'urar sai ta ga matsala kafin ta hau, kullum tana bin baya. Bayanan mako biyu ko uku kan ishi likita ya ɗaga iyakar ƙasa zuwa kusa da abin da jiki ke buƙata. Matsin da ya yi yawa kuma na tura iska ciki, a tashi da kumburi da gyatsa. A nan ake amfani da tsarin da ke sassauta matsi lokacin fitar da numfashi, wanda ResMed ke kira EPR, mai hawa 1 zuwa 3. Dare ɗaya ba ya isa hujja, domin mura ko giya ko maganin barci na iya ɓata shi.

A wuraren da wuta ba ta tsayawa, kamar yawancin garuruwan arewacin Najeriya, ɗaukewar wuta kan fito a rahoto tamkar mutum ne ya cire takunkumi, don haka yana da kyau a gaya wa likita. Masu amfani da batir ko sola kan kashe tukunyar ɗumama ruwa da ke sa wa iskar na'urar danshi, domin ita ta fi cin wuta, sai dai a lokacin hunturu hanci ya fi buƙatarta, kuma ƙura na cika matatar iska da wuri.

Idan lambobi sun yi kyau amma gyangyaɗi bai tafi ba

Wannan na faruwa. Likitoci kan koma ga ma'aunin Epworth, tambayoyi 8 da Murray Johns ya tsara a Melbon a 1991, inda makin da ya haura 10 cikin 24 ke nuna barcin rana ya wuce kima. Daga nan a duba ko awannin barcin ne ba su isa ba, ko hanyar iska na ƙuntata ba tare da ta rufe ba, abin da ake gani idan kan zanen shaƙar iska ya baje maimakon ya yi tudu, ko ƙafafu ne ke motsi da dare, ko wata cuta ce daban kamar damuwa ko matsalar sinadarin maƙoƙo. Wanda ya kasa jure CPAP ɗungurum na da wasu hanyoyin: abin sawa a baki da ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba, tiyata, rage ƙiba, ko na'urar Inspire da ake dasawa a ƙirji tana motsa jijiyar harshe, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2014. A watan Disamba na 2024 hukumar ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da cutar tasu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani.