Mece ce "wat" da ake ta ji a sunayen wuraren ziyara na Tailan?

Duk wanda ya taɓa buɗe taswirar Bankok ya ci karo da ita: Wat Pho, Wat Arun, Wat Phra Kaew. Haka a Kambodiya, inda Angkor Wat yake. Galibi ana fassara ta da "ɗakin bauta na mabiya Buda", amma a ganina wannan fassarar ta yi mata kaɗan. Tushen kalmar daga tsofaffin harsunan Indiya ne, Pali da Sanskrit, kuma ma'anarta wurin da aka kewaye da shinge. Wato wat ba ɗaki ɗaya ba ne, haraba ce guda mai katanga da gine-gine iri-iri a cikinta.

Idan ka shiga, ginin da ya fi kowanne daraja shi ne ubosot, inda ake naɗa sufaye, wato mazan da suka keɓe kansu don ibada a addinin Buda. Ana gane shi da duwatsun iyaka guda 8 da aka kafa kewaye da shi. Sai chedi, wannan hasumiyar mai faɗin gindi da tsinin kai, wadda ake adana abubuwa masu tsarki a wurin mabiya Buda. Can gefe kuma akwai ƙananan ɗakunan kwanan sufaye. A ƙauyuka, a da, wat ɗin ne makarantar yara.

Abin mamaki, wat ɗin da ya fi shahara a ƙasar bai cika wannan siffar ba. Wat Phra Kaew yana cikin Babbar Fadar Bankok, wadda Sarki Rama na Ɗaya ya fara ginawa a 1782, lokacin da ya ɗauke hedikwatarsa daga Thonburi ya tsallako da ita kogin Chao Phraya. Babu sufi ko ɗaya da ke kwana a cikinsa, domin wurin ibadar sarki ne. A kula, "ph" ɗin nan ba "f" ba ce, "Pra" ake cewa.

Mutum-mutumin da jama'a ke tururuwar gani a ciki ana ce masa Budan Zumurrudu, alhali ba da zumurrudu aka yi shi ba, wani koren dutse ne aka sassaƙa. Tsayinsa santimita 66 kacal, an ɗora shi can ƙololuwar wata karaga mai ruwan zinare, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango shi. Sau uku a shekara ake sauya masa tufafi, da bazara, da damina, da lokacin sanyi, kuma sarki ne ko wakilinsa ke yin hakan da hannunsa. Wanda ke neman ƙaton gunki sai ya taka zuwa Wat Pho da ke maƙwabtaka, inda Buda ke kishingiɗe, tsawon mita 46.

Da yake harabar duka ake girmamawa, dokar sutura a Wat Phra Kaew tun daga ƙofar fada take farawa. Gajeren wando ko riga mai bayyana kafaɗa, masu gadi za su mayar da kai. Wanda ya saba da kaftani ko wadda ta saba da abaya ba su da wannan damuwar. A bakin ubosot kowa zai tuɓe takalmi, a ciki ba a ɗaukar hoto, kuma in ka zauna sai ka lanƙwashe ƙafafu baya, don miƙe tafin ƙafa wajen mutum-mutumin cin fuska ne a al'adarsu. Mace kuma ba ta taɓa jikin sufi.

Wani abu da baƙi ke yawan faɗawa ciki: a wajen katangar za ka iya haɗuwa da mutum cikin shiga ta kamala, ya ce maka "yau fada a rufe take", sannan ya nuna maka mai keke napep ɗinsu, tuk-tuk, da zai zagaya da kai. Ƙarshen zagayen shagon gwala-gwalai ne ko na tela. Ka wuce abinka zuwa ƙofa ka gani da idonka.