Sabulun aski mai ƙamshin fure: tambayoyi da amsoshi

Mako uku ke nan ina aski da wani sabulu irin wanda ƙananan masu sana'a ke dafawa da hannu, kaɗan-kaɗan, ba na babban kamfani ba. Ƙamshinsa na wardi ne da yasmin. Ga abin da na gano, bisa tambayoyin da mutum zai yi kafin ya gwada.

Me ya raba shi da sabulun wanka? Ai duk kumfa ce.

Kumfa suna ta tara. Sabulun wanka don cire datti aka yi shi, kumfarsa manyan ƙwayoyi ce, kafin ka ɗauko reza ta ɓace ta bar fuska a bushe. Na aski kuwa ana cika shi da sinadarin sitiyarik asid, wanda ke sa kumfa ta yi kauri ta zauna a fuska har ka gama. Ana ƙara kitsen shanu ko man kaɗanya don santsi, da man kwakwa don kumfa ta tashi da wuri, da giliserin mai riƙe danshi. Yawancin masu yin sa da hannu sun fi dafa shi da sinadarin fotasiyam fiye da na sodiyam, shi ya sa yake da taushi. Wanda ke hannuna in ka danna shi da yatsa sai ya lotsa.

Ƙamshin fure ba na mata ba ne?

Wannan rabon da aka yi wa ƙamshi aikin 'yan talla ne, hanci bai san da shi ba. Tsoffin shagunan aski na Landan, irin su Geo. F. Trumper da aka kafa a 1875 da Taylor of Old Bond Street na 1854, har yau suna sayar wa maza man aski mai ƙamshin wardi. Shi kansa ƙamshin da ake ce wa na shagon aski, tushensa wani turare ne mai suna Fougère Royale da kamfanin Houbigant na Faransa ya fitar a 1882, kuma lafanda ce ƙashin bayansa. Lafanda kuwa fure ce.

Yaya ƙamshin yake in an zo aski?

Kada ka yanke hukunci daga buɗe murfi. Ranar farko da na shinshina shi a cikin kwanonsa, yasmin ɗin ya buge ni har na ce na yi asara. Da ruwan ɗumi ya taɓa shi sai ya kwanta, wardin ya fito a hankali, da wani ƙamshin itace a ƙarƙashi. Bayan na wanke fuska bai fi minti 20 ba ya tafi, saboda haka ba ya faɗa da turaren da za ka fesa.

Sannan ka sani, da wuya a ce zallar man fure ne a ciki. Kafin a samu kilo 1 na man wardi sai an dafa ganyen fure tan 3 zuwa 4, galibi a Bulgeriya da Turkiyya. Mai sabulu yakan haɗa da ƙamshin da aka sarrafa a ɗakin gwaji, ko man wata shuka mai suna jeraniyam da ke kama da wardi. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, muddin an rubuta gaskiya a jiki.

Ta yaya ake tada kumfar?

Nan ne mutane ke faɗuwa, su ɗora wa sabulu laifi. Ka jiƙa burushin aski da ruwan ɗumi, ka matse shi ya rage danshi kawai. Ka murza shi a kan sabulun kamar daƙiƙa 30, har bakin gashin ya cika da farin abu mai danƙo. Ka kai fuskar da ka riga ka jiƙa, kana zagayawa. A nan za ka ga kumfa ta yi kauri ta yi kyau, ka ɗauka an gama, alhali da saura. Tsoma bakin burushin a ruwa, ka ci gaba, ka sake tsomawa, sau uku ko huɗu, sai kumfar ta daina kama da alli ta soma sheƙi. Shafa ta tsakanin yatsu biyu: in suna zamewa ba tare da wani kamu ba, ta yi.

Askina biyu na farko ban ba shi isasshen ruwa ba, reza ta riƙa tirjewa a haɓa, kumfa na bushewa a saje kafin in iso. A na uku ne na gane sabulun nan mashayin ruwa ne. In ruwanku mai zartsi ne, wato kalsiyam da magnesiyam sun yi yawa a ciki, kumfa za ta yi gardama. Sai ka ƙara ɗibar sabulu, ko ka nemi ruwa mai sauƙi.

Wane burushi?

Akwai na gashin dabbar da ake kira baja, da na gashin alade, da na zaren roba. Na roban ya wadatar, ba ya wari kuma yana saurin bushewa.

Zai iya cin fata?

Zai iya. Ƙamshin fure na ɗauke da sinadarai irin su linalol da jeraniyol da sitironelol, waɗanda fatar wasu ba ta jituwa da su, har Tarayyar Turai ta wajabta rubuta su a jikin kaya in sun kai wani adadi. Ka shafa kumfa kaɗan a cikin hannunka, ka wanke bayan 'yan mintoci, ka jira kwana ɗaya. In fuska ta ɗauki raɗaɗi tun reza ba ta hau ba, ka wanke nan take, kada ka ce za ka daure.

Yana maganin ƙurajen bayan aski?

Ba magani ba ne. Ƙurajen nan sun fi damun masu nannaɗaɗɗen gashi, domin gashin kan lanƙwasa ya koma ya soki fata. Kumfa mai santsi na rage yawan maimaita wuri, to amma dole ka bi inda gashi ya kwanta, ka daina ja wa fata, ka canza reza da zarar ta dakushe.

Ya fi kumfar gwangwani?

A santsi ya fi ta nesa, a sauri ita ce gaba. Kumfar feshi ta shigo kasuwa a Amurka a 1949 don mai gaggawa, kuma ranar da na makara ita nake ɗauka. Sabulun yana cin minti biyar fiye da ita. In ka gama, ka bar kwanon a buɗe ya sha iska kafin ka rufe. Nawa bayan mako uku, ɗan rami ne kawai a tsakiya.