Mece Ce Misar Rikuyem, Kuma Me Ya Sa Azumin Lent Ke Sauya Mata Kama?

Idan sanarwa ta fito daga cocin Katolika cewa za a yi wa wani fada, wato limamin coci, Misar Rikuyem, mutane da dama sukan ɗauka taron yabo ne da tuna alherin mamaci. A koyarwar Katolika, abin da ake nufi shi ne Misa, wato babbar ibadar Katolika, ta roƙa wa mamaci gafara da hutawa. Sunan ya fito ne daga kalmar farko ta addu'ar buɗe wannan Misa a harshen Latin, inda ake roƙon Ubangiji ya ba mamata hutawa ta har abada. Katolika sun gaskata cewa addu'ar masu rai tana amfanar wanda ya rasu yayin da ake tsarkake shi daga sauran kurakuransa, suna kafa hujja da Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 12. Fada ma bai fi ƙarfin wannan buƙata ba. Shi ya sa dokar Misa ta ce a yi gajeren wa'azi, amma kada a mayar da shi kirarin mamaci.

Idan wanda ya rasu tsohon fadan wata coci ne, wato ya yi musu hidima shekaru kafin bishop ya sauya masa wurin aiki, jana'izar ba ta hannunsu. Yawanci fada na dayosis ne, wato yankin coci-coci da ke ƙarƙashin bishop, don haka bishop ne yakan jagoranci Misar, galibi a babbar cocin dayosis, sauran fadoci kewaye da shi. Tsohuwar cocinsa takan tura wakilai, Zumuntar Mata su ɗinke ashobi su cika mota, sannan a dawo gida a shirya masa Misar tunawa. A nan ne za ka ga waɗanda ya yi wa baftisma da waɗanda ya ɗaura wa aure suna kuka kamar uba suka rasa. Wasu kuma sukan sake yin Misa bayan kwana 30, kusan yadda makwabtansu Musulmi ke taruwa addu'ar arba'in.

Akwai abubuwan da ke bambanta jana'izar fada. Akan sa masa kayan da yake sawa wajen Misa, a ajiye akwatin kansa na wajen bagade, kamar har yanzu yana fuskantar jama'arsa. Akan ɗora ƙoƙon Misa da gyalen hidimarsa a kan akwatin. Sauran kuwa kamar na kowa ne: ruwa mai tsarki, turare, da babban kyandir na Ista a tsaye kusa da gawa.

To, ina Lent ya shigo? Lent shi ne azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka, ba a ƙirga ranakun Lahadi. Lokaci ne na tuba, kuma kalandar coci ba ta ja da baya saboda rasuwar kowa, ko da bishop ne. Ba a yin Misar jana'iza a ranakun Lahadi na Lent, haka nan daga Alhamis Mai Tsarki har zuwa Lahadin Ista. Idan binnewa ta zama dole a waɗannan kwanaki, sai a yi addu'o'i da karatun Littafi Mai Tsarki kawai, Misar ta biyo baya. Misar da ake yi idan labarin rasuwa ya iso, ko ta cika shekara, ba a yinta ranar Larabar Toka ko cikin Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kaiwa ga Ista.

Ko an samu ranar da ta dace, Misar takan zo babu ado. Ba a rera Halleluya, ba a ƙawata bagade da furanni, kayan kiɗa kuma aikinsu raka muryar masu waƙa kawai. Fada yakan sa shunayya, launin tuba, ko da yake an yarda da fari ko baƙi. Wasu 'yan coci sukan ji kamar an rage wa fadansu daraja, musamman a ƙasarmu da ake auna jana'iza da yawan ganga da rumfuna. Ni dai ina ganin wannan sauƙin ya fi dacewa da mutumin da kowace shekara yake shafa wa jama'a toka a goshi yana tuna musu cewa daga turɓaya suke, kuma gare ta za su koma.

Katolikan Kudancin Kaduna sun ɗanɗani wannan a 2025. An sace wani fada na Dayosis ɗin Kafanchan daga gidansa a Tachira, cikin ƙaramar hukumar Kaura, ranar 4 ga Maris, aka tsinci gawarsa washegari, ranar Larabar Toka. Ranar da doka ta hana Misar samun labarin rasuwa ita ce ranar da labarin ya iso, don haka da toka a goshi jama'a suka shiga makokinsa.