Galahanga a Jikin Tauraron Labari: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Adabi

Ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina yana iya cin karo da tauraron da ɗabi'unsa suka yi kama da na mai larurar otizim, wadda kafafen yaɗa labarai ke kira galahanga.

Shin ɗalibi yana da hurumin cewa tauraro na da larurar alhali marubucin bai faɗa ba?

Yana iya cewa labarin ya ba da damar a fahimce shi haka, amma yanke hukunci ba nasa ba ne. Likita yakan zauna da yaro, ya tambayi iyayensa yadda ya taso tun yana goye, shi kuwa manazarci ba shi da komai sai abin da ke kan shafi.

To, wace hujja ce za ta karɓu?

Wadda ta maimaitu, kuma ta taɓa jigo. A ɗauka marubuci ya kawo yaro a Ƙofar Marusa wanda kullum yake jera murafen kwalba a zaure, yana toshe kunne da zarar an tayar da injin markaɗe, idan kuma aka ce masa "Ka ci abinci?" sai ya amsa da "Ka ci abinci?" Waɗannan sun dace da abin da masana ke dubawa, wato wahalar cuɗanya da mutane da kuma nacewa kan abu guda. Sai dai a nan ne masu kwafo ma'aunin Turawa suke tuntuɓe, domin rashin haɗa ido da manya, wanda ake lissafawa cikin alamomi, a gidan Bahaushe ladabi ne. Yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban kawunta tarbiyya ta nuna, haka ma shirun amarya a gidan surukai alkunya ce. A ganina, wanda bai tace hujjarsa da rariyar al'ada ba zai liƙa wa rabin taurarin adabinmu larura.

Yaya batun tsofaffin littattafai?

Gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko an yi ta a 1933, likitan ƙwaƙwalwa Leo Kanner kuwa sai a 1943 ya bayyana larurar a Amurka, bayan nazarin yara 11. Saboda haka kada a ce marubutan wancan zamani da gangan suka siffanta ta.

Da waɗanne kalmomi ya kamata a yi rubutun?

Idan mutanen cikin labarin sun kira yaron wawa ko dolo, ko suka ce shafar aljanu ce, sai a kawo maganar a bakinsu, a tarke abin da take nunawa game da su, amma kada ta koma bakin ɗalibi. Sunan Asperger kuma, wanda a da ake kiran wata larura mai kama da wannan da shi, tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi ƙarƙashin otizim, don haka wanda ya tsince shi a tsohuwar maƙala sai ya ambaci shekarar da aka rubuta ta.