Mene Ne Melanoma, Kuma Me Ya Raba Ta da Sauran Dajin Fata?

Idan likita ya ce mutum yana da dajin fata, ko kansar fata kamar yadda wasu ke cewa, bai gama magana ba tukuna. Tambayar da ke biyo baya ita ce, wane iri? Sunan nan guda ya tattara cututtukan da halinsu ya sha bamban ƙwarai. Akwai wanda zai yi shekaru a gefen hanci yana cin fata sannu a hankali bai je ko'ina ba. Akwai kuma wanda faɗinsa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, amma ya riga ya kai hanta ko ƙwaƙwalwa. Wannan na biyun shi ake kira melanoma.

Sai an san yadda fata take kafin a gane bambancin. Saman fatar mutum, wanda a yawancin jiki kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ƙwayoyin halitta ne jere bisa jere. Na can ƙasa su ne ke haihuwar sababbi, sababbin suna turo na samansu, na sama suna mutuwa suna zubewa. A tsakanin na ƙasan nan akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da ake kira melanosait, aikinsu yin melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi da ƙwayar ido launi. Baƙi da fari kusan yawan melanosait ɗinsu ɗaya ne. Yawan melanin da ƙwayoyin ke fitarwa, da irinsa, shi ya raba launin mutane.

Duk wata ƙwaya daga cikin waɗannan tana iya lalacewa ta shiga hayayyafa ba tsayawa, kuma daga wadda ta lalace ake raɗa wa cutar suna. In ƙwayoyin ƙasa ne, shi ne dajin basal, wanda ya fi kowane daji yawa a jikin ɗan Adam. Yakan fito a fuska ko kunne ko wuya kamar ɗan ƙurji mai sheƙi, ya fashe, ya yi ɓawo, ya sake fashewa. Da wuya ya bazu cikin jiki, amma in an ƙyale shi yana iya cinye hanci ko fatar ido. In ƙwayoyin sama ne, shi ne dajin sikwamos: wuri mai kaushi da ɓawo, ko miki mai tudun baki, kuma shi yana iya bazuwa. In kuwa melanosait ce ta lalace, an samu melanoma. Ita ce mafi ƙarancin ukun, ita ce kuma wadda aka fi tsoro. Ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mutum wajen 330,000 suka kamu da ita, kusan 60,000 suka mutu.

Babban sanadin dajin fata shi ne wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Nau'i biyu ne ke isowa ƙasa. UVB shi ne mai ƙona fata, UVA kuma ya fi shiga ciki, har gilashin taga yana ratsawa. Dukansu suna ɓata rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta. Jiki yana gyara yawancin ɓarnar, amma abin da ya kuɓuce masa yana taruwa shekara da shekaru. Shi ya sa ƙunar rana da yaro ya sha yana ɗan shekara goma take iya zama magana bayan ya haura hamsin. Ostareliya da Niyu Zilan suna cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen melanoma, saboda fararen fata ne ke zaune ƙarƙashin rana mai tsananin ƙarfi. Gadon nan mai fitilu da ake kwanciya a kai don fata ta yi duhu kuwa, tun 2009 aka sa shi a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, rukuni ɗaya da taba.

Daga nan ne wani kuskure ya samo asali, wai baƙar fata ba ta yin daji. Gaskiya ne melanin garkuwa ce, kuma mai baƙar fata bai kai fari haɗarin kamuwa ba ko kusa. Amma inda gizo ke saƙa shi ne, melanomar da ta fi samun baƙar fata ba a inda rana ke duka take fitowa ba. Tafin ƙafa take zuwa, da diddige, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wato wuraren da launi ya yi ƙaranci kuma ba wanda ke dubawa. Tana farawa kamar tabo mai duhu, shafaffe, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Mai ita zai ce ƙaya ce ta taɓa sukarsa, ko takalmi ne ya matse shi, ko kaushi ne. A farce kuma layi ne baƙi ko ruwan ƙasa, daga gindi zuwa baki, sai a ɗauka jini ne ya kwanta. Alhali jinin da ya kwanta yana tafiya gaba tare da tsiron farce har a yanke shi, shi kuwa wannan layin yana nan daram, faɗi ma yake ƙarawa, wani lokaci launin ya malalo kan fatar da ke gindin farcen. Mutane da yawa masu duhun fata suna da siraran layuka a farata da dama, kuma ba komai ba ne. Wanda ake zargi shi ne na yatsa ɗaya tak, musamman babban yatsa, sabo, mai canjawa.

Irin wannan ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley. A 1977 aka gano ta a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, bayan an fara ɗaukar abin a matsayin raunin ƙwallo. Bai yarda a yanke yatsan ba, cutar ta bazu, ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Akwai wata ƙofar da daji ke shigowa wadda ba ruwanta da rana: tsohon tabon ƙuna, ko gyambon da ya ƙi warkewa shekara da shekaru. Fatar da ta daɗe tana fama da kumburi da gyaran kanta tana iya rikiɗewa ta zama dajin sikwamos, abin da likitoci ke kira gyambon Marjolin, da sunan likitan Faransa da ya bayyana irin mikin a 1828. Tabon da ya zauna lafiya shekara ashirin sannan ya buɗe, ko gyambon da bakinsa ya tashi ya fara wari da zubar jini, ya wuce wanki da ɗauri. Masu raunin garkuwar jiki ma, kamar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko masu ɗauke da HIV, haɗarinsu ya fi na sauran mutane.

Zabiya kuwa maganarsu daban ce. Jikinsu ba ya yin melanin, ko kuma kaɗan yake yi, don haka rana tana dukan fatarsu ba shamaki. A ƙasashe masu zafin rana da yawansu sukan fara samun kaushi da ɓawon da ke share wa daji hanya tun suna matasa, kuma dajin sikwamos yana cikin manyan abubuwan da ke gajarta rayuwarsu. Ga zabiya, man kariya daga rana da hula mai faɗin baki da riga mai dogon hannu magani ne, ba ado ba, kuma tun daga yarinta ake farawa.

To, yaya ake gane tabon da ya kamata a kai wa likita? Kusan kowa yana da tawadar Allah a jikinsa, kuma yawancinsu har mutum ya tsufa ba za su yi komai ba. A 1985 wasu likitocin fata a Jami'ar Niyu Yok suka tsara alamomin da har yau ake koyarwa. Tabon lafiya yakan zama zagayayye, gefe da gefe sun yi daidai, bakinsa a tsare, launinsa ɗaya. Na zargi kuwa rabinsa bai yi kama da ɗaya rabin ba, bakinsa a yage, launinsa a cakuɗe, baƙi da ruwan ƙasa da ja ko fari a wuri guda, kuma sau da yawa faɗinsa ya haura milimita 6. A 2004 aka ƙara alama ta biyar, wadda a ganina ta fi sauran duka amfani ga wanda ba likita ba: canji. Tabon da ya girma, ko ya tashi, ko ya sauya launi, ko ya fara ƙaiƙayi da jini cikin 'yan watanni. Haka kuma duk mikin da ya yi wata guda bai warke ba. Kada a jira ciwo, domin dajin fata a farkonsa galibi ba ya ciwo, kuma rashin ciwon ne ke sa mutane sakaci.

Likita zai fara dubawa da wani ɗan madubi mai fitila da ke nuna tsarin launi a ƙarƙashin saman fata. Amma ido ba ya yanke hukunci. Sai an yi allurar kashe zafi an yanko tabon, an kai ɗakin gwaji an duba shi a madubin ƙara girma. Wannan shi ne bayofsi. Wasu suna gudunsa, wai taɓa daji da wuƙa yana tayar da shi. Bayofsi ba ya yaɗa cutar. Abin da ke ɓata lamari shi ne a ƙona tabon a gida, ko a ɗaure shi da zare, ko a shafa masa abu mai cin fata: saman zai tafi, saiwar ta zauna, kuma an lalata abin da likita zai auna.

Abin da ake aunawa kuwa zurfi ne, ba faɗi ba. A 1970 wani likitan gwaje-gwaje a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa kaurin melanoma daga sama zuwa ƙasa shi ke faɗin makomar mai ita. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, yanke ta kaɗai yakan wadatar. Wadda ta haura milimita 4 tana da babban haɗarin ta riga ta shiga hanyoyin jini da na kaluluwa. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa in an kama ta tun tana fata kaɗai, kusan 99 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. In ta kai gaɓoɓi masu nisa, adadin yana sauka zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin waɗannan biyun, 'yan milimitoci ne da 'yan watanni.

Tiyata ce uwar magani. Ana yanke tabon haɗe da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, santimita 1 ko 2 gwargwadon zurfinsa, wani lokaci a ciro kaluluwar da ta fi kusa, a hamata ko matsematsi ko wuya, a duba ko cutar ta isa can. Ga dajin basal da sikwamos a fuska, inda ba a son asarar fata, akwai tiyatar Mohs: a yanka siriri, a duba nan take, a ƙara yankawa a inda saura ya rage kawai, har gefen ya fita tas. Ana kuma amfani da gashi, wato gasa dajin da haske mai ƙarfi na na'ura, da daskarar da wurin, da wasu mayukan shafawa ga waɗanda ba su yi zurfi ba.

Melanomar da ta bazu, a da kusan hukuncin mutuwa ce, domin ba ta cika jin kemo ba, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji. Daga 2011 abin ya fara sauyawa. Aka samu magungunan da ke toshe wani gurɓataccen sinadari mai suna BRAF, wanda ake samu a kusan rabin melanomar fata, aka kuma samu waɗanda ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi ta far wa dajin da kanta. Binciken da ya haifar da na biyun shi ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sanar a 2015 cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka haɗa masa tiyata da gashi da maganin pembrolizumab, ya rayu har ya cika shekara 100. Sai dai ba kowa maganin ke yi wa aiki ba, yana da illoli, yana da tsada sosai, kuma melanomar tafin ƙafa ba ta cika jin sa kamar ta sauran jiki ba.

Rigakafi ba shi da wuyar faɗi. Inuwa daga hantsi zuwa la'asar, sutura, hula, tabarau, sannan man kariya. Lambar SPF da ke jikin kwalba tana auna kariya daga UVB ne: 15 yana tare wajen kashi 93 cikin 100, 30 yana tare 97, 50 kuma 98. Ke nan tazarar da ke tsakanin 30 da 50 ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a zaɓi wanda aka rubuta yana tare UVA ma, a shafa da yawa, a sake bayan awa biyu ko bayan zufa da wanka. Masu aiki a fili su ya fi shafa: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na mace-macen dajin fata wanda ba melanoma ba, aiki a rana ne sanadinsa.

Ita kuwa ta tafin ƙafa da farce, babu man da ke hana ta, tunda ba rana ce ke kawo ta ba. Dubawa kawai ake yi. Sau ɗaya a wata, a wuri mai haske, a duba jiki duka: tafin ƙafa da madubi, tsakanin yatsu, farata bayan an goge jan farce, fatar kai, baya kuma a nemi wani ya duba. Tabon da ake shakka a ɗauki hotonsa da waya, a ajiye abin awo a gefensa, a rubuta kwanan wata. In bayan 'yan makonni hoton da tabon sun saɓa, sai a nufi likitan fata da hoton a hannu.